Mu Ke Rufe Ƙofa, Su Ke Sa Hannu

Ranar Litinin, 16 ga Janairun 2012, da sassafe Shugaba Goodluck Jonathan ya yi wa ƙasa jawabi cewa litar man fetur ta koma naira 97. Kafin sabuwar shekara naira 65 ake sayenta, da aka cire tallafi ta haura zuwa wajen 141. Mako guda ke nan ƙasa na tsaye cik: bankuna a rufe, ofisoshi a rufe, manyan kasuwanni a rufe. Da rana ta ɗaga, shugaban ƙungiyar ƙwadago ta NLC, Abdulwahed Omar, da takwaransa na TUC, Peter Esele, suka tara 'yan jarida a Abuja suka ce an dakatar da yajin aiki. Mutanen da suka cika tituna kuwa, tun ranar farko magana ɗaya ce a bakinsu: a koma 65. Reshen NLC na Kano ya fito ya ce shi bai janye ba, kodayake bai daɗe ba shi ma ya bi sahu. A Legas sojoji aka girke a dandalin Ojota inda jama'a ke taruwa. Tun daga wannan rana, da wuya a janye wani yajin aiki a Najeriya ba ka ji wani ma'aikaci ya ce "an sayar da mu" ba.

Ni malamin firamare ne, haifaffen ƙasar Argungu, kuma na daɗe ina riƙe da muƙamin wakilin ƙungiya a makarantun da na koyar. Wakili shi ne ƙarshen jerin shugabanni. Ba shi da ofis, ba shi da mota, amma shi ake fara tsarewa da tambaya. In an janye yaji, malamai ba sa ganin shugaban ƙungiya na ƙasa, ba sa ganin na jiha da ke Birnin Kebbi. Ni suke gani, a gindin dogonyaro, lokacin da yara suka fita tara. Sai a ce: "Malam, me aka samo mana?" Sau da yawa abin da ke hannuna shi ne abin da ke hannunsu, domin rediyo ɗaya muka saurara da asuba.

Ga yadda yajin aiki na ƙasa ke isowa gare mu. Majalisar zartarwa ta NLC za ta zauna ta tsayar da rana. Takarda ta tafi ga ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta, irin su NUT ta malamai, da NULGE ta ma'aikatan ƙananan hukumomi, da ta ma'aikatan lafiya, ta kuma tafi ga majalisun jihohi. A Birnin Kebbi shugabannin jiha su kira na ƙananan hukumomi 21, su kuma su kira mu. Yanzu WhatsApp ya rage wahala, da can sai an hau babur an bi makarantu ɗaya bayan ɗaya. Safiyar ranar, 'yan kwamitin sa-ido su zagaya sakatariyar Gwadangaji da bankuna da kotuna da manyan makarantu, su tabbatar an garƙame ƙofa da kwaɗo. Wannan duka yana cin kwanaki, kuma a kowane mataki akwai wani ƙaramin ma'aikaci da ya fito fili, wanda maigidansa a wurin aiki zai riƙa tunawa da shi bayan an koma. Janyewa kuwa ba ta bin wannan hanya ko kaɗan. Mutane ƙalilan ne za su shiga ɗaki da ministoci a Abuja, a kai tsakar dare, a fito da takarda mai sa hannu.

Haka aka yi a Satumban 2020. An sa yaji ranar Litinin 28 ga wata kan ƙarin kuɗin mai da na lantarki; mutane suka kwanta daren Lahadi a shirye, suka wayi gari an fasa. Abin da aka samo shi ne dakatar da ƙarin kuɗin lantarki na mako biyu, farashin mai kuwa ya zauna daram. A 2023, bayan Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya tafi a jawabinsa na rantsuwa ranar 29 ga Mayu, an sa yaji 7 ga Yuni, aka janye shi saura kwana biyu. An sake sa wani 3 ga Oktoba, aka janye daren jajibirinsa. Zanga-zangar kwana biyu da aka fara 27 ga Fabrairun 2024 a kwana ɗaya ta tsaya. Yajin 3 ga Yunin 2024, wanda ya kashe wutar lantarkin ƙasa baki ɗaya ya kuma rufe filayen jirgin sama, washegari aka sassauta shi.

Zargin cin hanci yana da sauƙin faɗi, amma ni a ganina yana kawar da ido daga ciwon da ya fi shi girma. Ko da a ce kowane shugaba mai tsoron Allah ne, bai taɓa karɓar ko sisin kwabo ba, ɓarakar nan ba za ta ɗinke ba matuƙar wanda ke ɗauke da nauyin yaji ba shi ake tambaya ba, ko a farawa ko a gamawa. Ƙari a kan haka, abin da ya fito da shi titi ba lalle ne shi ake ciniki a kansa a cikin ɗakin ba.

Ɗauki maganar mai. A wajen mutumin Kebbi fetur ya wuce kuɗin mota. Daga Argungu zuwa Augie, daga Birnin Kebbi zuwa Bunza da Suru, ƙalilan ne malamai da ma'aikatan asibiti da ba su da ɗan fili a fadama, ko na gado ko na haya. Noman rani na shinkafa da injin ban-ruwa ake yinsa, injin kuma fetur yake sha tun daga dashe har shinkafa ta nuna, wata uku zuwa huɗu ba hutu. Saboda albarkar wannan fadama ta Rima ne ma Shugaba Muhammadu Buhari ya zo nan ya ƙaddamar da shirin Babban Banki na ba manoman shinkafa rance a Nuwamban 2015. Da buhunan shansherar da malami ya girbe yake cike giɓin albashi: abincin gida, kuɗin makarantar yara, hidimar suna da biki. To duk ranar da lita ta tashi, duka biyu ya sha, a babur ɗinsa da kuma a gonarsa. Shi farashin lita ne damuwarsa. Shugabanninsa kuwa da suka shiga ɗaki a Oktoban 2023, babban abin da suka fito da shi shi ne ƙarin naira 35,000 a wata, na wucin gadi, ga ma'aikatan gwamnatin tarayya. A Birnin Kebbi wannan ya shafi masu aiki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya da asibitin tarayya. Ma'aikacin jiha da na ƙaramar hukuma sai su zura ido su ga abin da gwamna zai yi, don jihohi roƙonsu kawai yarjejeniyar ta yi. Ɗan kabu-kabu, da masuncin da ke bakin Matan Fada, da mai tuwo-tuwo ta ƙofar sakatariya wadda ta yi asarar cinikin ranakun yaji, su alkawari aka tanadar musu: motocin bas masu aiki da gas, da tallafin naira 25,000 na wata uku ga gidaje miliyan 15 a faɗin ƙasa. Babu ɗaya a ciki da ke zuba mai a injin ban-ruwa.

Ma'aikaci yana da nasa lissafin, kuma ba ya buƙatar masanin tattalin arziki ya yi masa. Mafi ƙarancin albashi na naira 18,000 da aka sa wa hannu a 2011, a farashin naira 65, yana sayen lita 276. Naira 30,000 ta 2019, a farashin 145, lita 206. Naira 70,000 ta 2024, a farashin 1,030 da gidajen man NNPC suka koma sayarwa a Abuja a watan Oktoban shekarar, lita 68 ba ta ma cika ba. Duk sau ukun an fito an ce an yi nasara.

Amma adalci ne a faɗi abin da ke wuyan shugaba, wanda mu na ƙasa ba mu cika gani ba. Kusan duk yajin da aka sa, gwamnati kan garzaya Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta samo umarnin hani, wani lokaci saura 'yan sa'o'i a fara. Sashe na 43 na dokar sasanta rigingimun aiki ya ba mai biyan albashi damar hana albashin ranakun yaji, abin da ake kira ba aiki ba biya. Ƙungiyoyinmu kuma ba su da asusun da zai riƙe mambobi ko na mako biyu. Ma'aikacin da ke cin bashin gero da mai a shagon unguwa kafin ƙarshen wata, ranar farko yana kan gaba, rana ta biyu yana nan, zuwa ta huɗu ya fara tambaya a asirce ko an kusa komawa. Ma'aikaciyar jinya kuma tana kwana da tunanin mai naƙudar da aka mayar daga ƙofar asibiti, wadda wataƙila 'yar unguwarsu ce. Shugaban da ya ga mutanensa sun fara sulalewa so yake ya janye tun ana ganin ƙarfinsa, kafin yajin ya mutu da kansa a idon gwamnati. Ga kuma haɗarin da ke kan jikinsa. Frank Kokori, sakataren ƙungiyar ma'aikatan mai ta NUPENG, ya yi kusan shekara huɗu a tsare bayan yajin 1994 a zamanin Janar Sani Abacha. A Mayun 2021 Gwamna Nasir El-Rufai ya ayyana Ayuba Wabba, shugaban NLC na lokacin, a matsayin wanda ake nema ruwa a jallo saboda yajin Kaduna. Joe Ajaero, wanda ya gaje shi a shugabancin NLC, ya sha duka a Owerri ranar 1 ga Nuwamban 2023, jami'an tsaro na farin kaya kuma suka kama shi a filin jirgin Abuja a Satumban 2024. Wanda bai zauna a kujerar ba kada ya raina zafinta.

Kuma ba kullum ne na ƙasa suka fi shugabanni zafi ba. A Mayun 2016, da gwamnatin Buhari ta kai lita naira 145, NLC ƙarƙashin Wabba ta kira yaji ranar 18 ga wata. Ƙungiyar a rabe take a lokacin, tun bayan zaɓenta na 2015: ɓangaren Ajaero bai shiga ba, TUC ma ta zame. A Arewa, inda jama'a ke bayan Buhari, ma'aikata da yawa suka yi kunnen uwar shegu suka tafi aiki abinsu. Kwana biyar aka janye, ba a rage ko kwabo ba. A 2012 an janye yajin da mutane ke so; a 2016 an kira wanda ba sa so. Tushen ɗaya ne: ba a tambaye su ba.

Rigimar ta girmi NLC, wadda sai a 1978 aka kafa ta. A 1945, ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, tsadar rayuwa ta addabi ma'aikatan gwamnatin mulkin mallaka, suka nemi a ƙara kashi 50 cikin ɗari a kan alawus ɗin tsadar kaya, a kuma biya lebura aƙalla sule biyu da sisi a yini. Suka ba da wa'adi. Da ranar ta matso, Turawa suka yi gargaɗin cewa yajin ya saɓa wa dokar lokacin yaƙi, sai shugabanni irin su T. A. Bankole suka nemi a ɗage. Ma'aikatan jirgin ƙasa da na sauran ma'aikatu a Legas suka ƙi, suka bi bayan Michael Imoudu, wanda bai daɗe da fitowa daga tsarewa ba. Aka shiga yaji 22 ga Yuni, aka yi kwana 44, a wasu larduna ma ya zarce haka. Jirgin ƙasa bai iso ƙasar Kabi ba, iyakarsa Ƙaura Namoda, amma duk mai gyaɗa ko auduga ko fata da ke jiran hanyar Legas ya ji a jikinsa. Hukumar Tudor Davies da aka kafa daga baya ta amince da ƙarin alawus ɗin. Bankole bai yi ƙarya ba game da doka, kuma tsoron da ya ji wa mutanensa na gaskiya ne. Sai dai a wancan zamani ma'aikata na taruwa a fili guda, shugaba na tsaye a gabansu, suna iya ce masa a'a nan take, ya kuma ji.

Wannan damar ce ta ragu. Yau kuɗin ƙungiya tun daga tushe ake cire shi, kafin alat ya shigo wayar ma'aikaci. Tsarin ya ba ƙungiyoyi ƙarfi da kwanciyar hankali, ba na musu. Amma ya sauya alƙiblar shugaba: ba sai ya bi mambobi wata-wata yana karɓa yana sauraren ƙorafinsu ba, kuɗin ta hannun akantan gwamnati yake biyowa, kuma duk ranar da gwamnati ta ga dama tana iya riƙe shi. Zaɓen manyan shugabanni kuma ba mambobi ke yi kai tsaye ba, wakilai ne ke taruwa a zaure, waɗanda su ma wasu wakilan suka zaɓo su. Wanda ya hau, sau da yawa ana sallamarsa daga aji ko ofis ya koma aikin ƙungiya ɗungurungum. Shekara huɗu, shekara takwas, bai riƙe alli a ajin yara fiye da ɗari ba. A jihohi da dama gwamna kan ba ƙungiya mota, ko fili, ko kujerar Makka, ko ya naɗa tsohon shugabanta mai ba shi shawara kan harkokin ƙwadago. Ba sai an ce cin hanci ne ba. Ya isa a ce mutum ba ya iya ɗaga murya yadda ya kamata a gidan da aka karrama shi jiya. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago da aka gyara a 2005 ta ce kafin a tafi yaji sai an kaɗa ƙuri'a mafi yawan mambobi sun amince; ba ta ce a kaɗa ƙuri'a kafin a janye ba.

Mu a Kebbi lamarin ya zo mana da wata siffa da ba kowace jiha ta sani ba. Gwamna Nasir Idris, Kauran Gwandu, wanda aka rantsar 29 ga Mayun 2023, malamin makaranta ne da ya hau tsanin ƙungiya tun daga ƙasa: ya shugabanci NUT da NLC a jiha, ya zama shugaban NUT na ƙasa, ya kuma zama mataimakin shugaban NLC. Kafinsa Adams Oshiomhole ya yi irin wannan tafiya, daga masaƙun Kaduna zuwa shugabancin NLC zuwa gwamnan Edo a 2008. Amfanin abin a fili yake. A Oktoban 2024 gwamnan ya sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 75,000, sama da 70,000 ta tarayya, Ajaero na zaune a wurin. Da NLC ta umarci jihohin da ke jan ƙafa su shiga yaji a farkon Disamban shekarar, Kebbi ba ta ciki. Duk wanda ya san yadda ake fama da gwamnoni kan albashi ba zai raina wannan ba.

Sai dai akwai wahalar da ke tattare da shi, kuma ya kamata a faɗe ta ba tare da ɓata sunan kowa ba. Shugabannin ƙwadago na jiha sun san gwamna tun yana Kwamared. Abokin gwagwarmaya ne, ga wasu ma maigida ne. Mu kuwa mutanen kunya ne da kara. Yaya za ka ba wa wanda ya koya maka aikin wa'adin kwana 14? Shi kuma malamin ƙauye, in ya ga kuɗin hutunsa ya makara ko ƙarin girmansa bai fito a albashi ba, ya buɗe baki, sai a ce masa: "Haba Malam, namu ne fa a kai." Nan take ƙorafin aiki ya koma kamar adawar siyasa. Kujerar gwamna kujerar mai biyan albashi ce, ko wa ke kanta, kuma ita ce ke lissafin abin da ya shigo daga Abuja da abin da zai tafi hanya da asibiti da tsaro. Dole a samu wanda zai zauna a ɗaya ɓangaren ya yi magana da bakin ma'aikaci. In ƙungiya ta yi shiru don kara, ƙorafin ba ya mutuwa, Facebook yake komawa, inda babu mai tace gaskiya da ƙarya, kuma ƙaramin ma'aikacin da ya rubuta shi kaɗai zai ɗauki abin da ya biyo baya. Ina ganin shi kansa gwamnan da ya fito daga cikinmu ya fi kowa buƙatar ƙungiyar da za ta gaya masa abin da fadawa ba za su faɗa ba.

Inda aka fi samun saɓani, a nan da ko'ina, shi ne jadawalin albashi, wanda ma'aikata ke kira tebur. Adadin da ake shela a rediyo na wanda ke mataki na 01 ne, ƙasan tsani. Malami mai NCE a mataki na 07 yake farawa, mai digiri a na 08. Abin da zai shiga aljihunsu ya dogara ne ga kason da aka amince a ƙara wa kowane mataki, kuma wannan wani ciniki ne daban da ake yi bayan an gama tafi. A 2019 an sa hannu kan 30,000 a watan Afrilu, amma sai Oktoba tarayya da ƙungiyoyi suka daidaita: kashi 23.2 ga mataki na 07, kashi 20 ga na 08, kashi 19 ga na 09, kashi 16 ga na 10 zuwa 14, kashi 14 ga na 15 zuwa 17. Kowace jiha kuma nata teburin take yi. Bayan haka ga haraji, ga kuɗin ƙungiya, ga sauran yanke-yanke. Malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi kuwa daga kason ƙananan hukumomi ake biyansu, don haka sau da yawa su ne na ƙarshe. A Abuja kanta, malaman firamare sun yi fiye da wata uku suna yaji a 2025, daga Maris zuwa Yuli, saboda 70,000 ba ta iso gare su ba. 'Yan fansho su ma suna gefe suna jira. Dokar mafi ƙarancin albashin kuma ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ko masu aikin gona na lokaci-lokaci, ko waɗanda ake biya gwargwadon abin da suka yi. Ka ga ke nan leburan fadama da mata masu turara shinkafa ba da su ake ba. Kebbi ba baƙuwa ba ce a wannan ciniki: Atiku Bagudu ya zauna a kwamitin da ya haifar da 30,000 yana gwamna, ya kuma zauna a na 2024 yana minista.

A wannan na 2024, ma'aikaci ya ji shugabanninsa sun nemi 615,000, suka sauko 494,000, suka sauko 250,000, sannan ranar 18 ga Yuli aka fito daga fadar shugaban ƙasa da 70,000. Farawa daga sama dabarar ciniki ce, kowa ya sani. Amma babu wanda ya zo ya tambayi mambobi inda za a tsaya a ce daga nan ba ragi. Da farashin mai ya sake tashi a Satumba, Ajaero da kansa ya ce an ci amanarsu, domin sun karɓi 70,000 ne bisa fahimtar cewa ba za a ƙara kuɗin mai ba. Fadar shugaban ƙasa ta musanta. Da mambobi ne suka amince da sharaɗin a rubuce, da ba a tsaya ana ka-ce-na-ce kan abin da aka faɗa a bayan ƙofa ba.

Akwai wata hanyar, kuma ba sai an je nesa ba. ASUU ta malaman jami'o'i, kafin ta tafi yaji ko ta janye, rassanta kan zauna jami'a-jami'a su ba da matsayinsu, sannan majalisar ƙasa ta haɗa. Ba na yabon wata takwas da 'ya'yanmu suka yi a gida daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022. Ciwon yana raina har yanzu. Amma abin lura shi ne an riƙe wa malaman nan albashi wata da watanni, gwamnati ta yi wa kishiyar ƙungiya rajista don ta raba kansu, duk da haka akasarinsu suka tsaya, saboda da bakinsu suka ce a tafi. A Amurka, a jihar Virginia ta Yamma, malamai sun shiga yaji 22 ga Fabrairun 2018. Bayan 'yan kwanaki shugabanninsu suka sanar da cewa sun daidaita da gwamna, a koma aji. Malaman suka taru gunduma-gunduma suka ce alkawarin baki bai ishe su ba. Makarantun gundumomi 55 suka ci gaba da zama a rufe har aka sa hannu kan ƙarin kashi 5 cikin ɗari ranar 6 ga Maris. In kuma aka toshe wannan ƙofa gaba ɗaya, abin kan yi muni: a Marikana ta Afirka ta Kudu, masu haƙar ma'adinai sun juya wa tsohuwar ƙungiyarsu baya suka yi yaji da kansu, 'yan sanda suka harbe mutum 34 ranar 16 ga Agustan 2012.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu na ƙasa muna da namu kason. A kira taron reshe, benci ya fi mutane yawa, sai fa in an ji za a raba fom ɗin rancen babur ko shinkafar azumi. Da yawanmu ba mu taɓa buɗe tsarin mulkin ƙungiyarmu ba, ba mu san nawa ake cire mana ba, ba mu san ranar zaɓen wakilai ba. Malamai mata, waɗanda su ne ke riƙe da azuzuwa da yawa a cikin garin Birnin Kebbi da Argungu, galibi ba sa zuwa, saboda ana sa taro lokacin da suke kan girki da hidimar yara, in sun zo ma a baya suke zama. Shugaban da ya ga zaure babu kowa zai saba da yanke hukunci shi kaɗai, ko bai yi niyya ba.

Dokar 2024 ta rage wa'adin sake duba mafi ƙarancin albashi daga shekara biyar zuwa uku, ke nan a 2027 za a sake zama. Abin da nake roƙon shugabanninmu na jiha, kuma na faɗa a duk taron da aka ba ni dama, shi ne a rubuta a tsarin aikinmu cewa ba za a janye yajin jiha ba sai rassa sun zauna, ko da kwana ɗaya za a ba su. Da waya a hannun kowa, ƙananan hukumomi 21 ba su fi ƙarfin yini guda ba. A kwamitin da zai yi cinikin tebur a sa malamin firamare mai mataki na 07, da ma'aikaciyar asibitin karkara, da ɗan fansho. A riƙa manna lissafin kuɗin ƙungiya a allon sanarwa na kowace makaranta sau ɗaya a shekara. Kafin a sa hannu kuma, a kawo teburin reshe-reshe. Kada a sa taron ranar kasuwa ko tsakiyar dashen shinkafa. A sa shi ranar Asabar da hantsi, a karanta shi da Hausa, mataki bayan mataki, kowa ya ji abin da zai rage masa bayan an cire haraji da kuɗin ƙungiya.